Suna Biyu a Kwalba Ɗaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Mama? Ƙafar ta saki? Don Allah ki riƙa tsayawa a kanta har ta haɗiye maganin hawan jinin, kada ta sake tara shi a ƙarƙashin matashi kamar wancan karon.

Na san za ki ce wasiƙa kuma, sai ka ce an ɗauke waya daga duniya. Na sha kiranki da niyyar faɗa miki, sai in ƙare da tambayar makarantar yara. Bakina ya kasa, shi ya sa na ba hannu.

Maganar hotunan nan biyu ce na falon Mama, waɗanda ke saman rediyo. Doguwar mai kama da kwalekwale, wadda Baba ya sa wa sunan Mama, da 'yar gajerar mai kama da ƙwayar kankana, wadda ya sa wa sunan ɗan'uwanmu Injiniya shekarar da Allah ya karɓe shi. Kin san gansakuka ce, irin mai ƙwaya ɗaya tak wadda ido ba ya gani sai an sa madubin ƙara girma. A madatsar ruwa Baba ya samo su, ya auna su, ya ƙirga layukan jikinsu, ya buga a mujalla cewa sababbin iri biyu ne da ba a taɓa sani ba. Tun daga nan duk mai wannan aiki a duniya da waɗannan sunaye yake kiransu.

A zamanin Baba gawarsu ake dubawa. A dafa su a ruwan asid, naman ya narke, a bar ƙoƙon gilashin da ke jikinsu, a manna a fallen gilashi. Abin da ke bangon Mama ke nan, ƙoƙo babu mai shi. Ni kuwa da aka kawo mana sababbin kayan aiki, sai na ce bari in rene su da rai. Na je madatsar, na tsamo ƙwaya ɗaya mai sunan Mama da bututun da ya fi gashi siranta, na sa ta ita kaɗai a kwalba, na ajiye ƙarƙashin fitila. Da kin gan ta da rai, Yaya. Launinta ruwan zuma, kuma tafiya take yi a hankali, ta tsaya, ta koma da baya.

Bari in yi miki bayani da kayan kicin, tunda kin ce Turancina ciwon kai yake sa ki. Jikinta kwano ne da murfi. In za ta rabu biyu, ɗaya ta ɗauki murfin ta yi wa kanta sabon kwano. Ɗayar ta ɗauki kwanon ta mai da shi murfi, ta yi wani kwanon da zai shige ciki. Kin ga ta biyun ta ragu ke nan. Haka za su yi ta yi, ana raguwa, tsawo na tafiya, jiki na dunƙulewa.

Bayan wasu watanni na ɗebi ɗigo ɗaya daga kwalbar na leƙa, sai ga Injiniya yana kallona. Na ɗauka kwalbar ce ta gurɓata, har na yi wa matar da ke wanke mana kwalabe faɗan da ba ta ci ba, daga baya na ba ta haƙuri. Na sake daga farko, na wanke komai da hannuna. Na kuma sakewa. Kowane karo Mama nake zubawa, Injiniya nake kwashewa. Ƙarshenta na ga ƙananan sun haɗu bibbiyu, sun yar da ƙoƙonsu, doguwar ta sake fitowa daga cikinsu.

Yaya, iri ɗaya ne. Baba ya ga ƙuruciya da tsufan abu ɗaya, ya ɗauka abu biyu ne. Ba laifinsa ba ne, manya da yawa sun yi irin wannan. Amma ƙa'idar aikinmu ita ce iri ɗaya suna ɗaya. Dole ɗaya daga cikin sunayen nan ya sauka.

Na rasa abin da ke min daɗi. Abinci ma tura shi nake yi. Kada ki faɗa wa Mama tukuna, ki ba ni shawara.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya, ko in ce muna lafiya kafin takardarki ta iso. Ina rubuta miki ne a kan teburin awo, mata sun cika benci suna jirana, saboda haka kada ki nemi tsari a maganata.

Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Duk gansakukar da Allah ya zuba a duniya, a kwata, a randa, a bayan banɗaki, ba ki ga ta reno ba sai ta bangon uwarki? Wa ya aike ki?

Bari in gaya miki abin da madubinki ba zai nuna miki ba, tunda ba a haife ki ba lokacin. Yaron nan shekararsa bakwai. Rediyon da ke ƙarƙashin hotunan, shi ya kwance shi da cokali ya baje a tabarma, Baba ya dawo ya ɗaga hannu zai mare shi, sai dariya ta ƙwace masa ya ce, to Injiniya, sai ka mayar. Daga nan sunan ya bi shi. Zazzaɓi ya kama shi, kafin mu farga an fita da shi. Hotonsa guda ɗaya ne a duniya, shi ma damina ta ci shi shekarar da rufin ɗakin Mama ya yi yoyo. Mama ta daina magana, ta daina cin abinci, ni nake ɗora tukunya ina tsaye a kan kujera. Ranar da Baba ya shigo da firam biyu a hammata ya buga ƙusa ya rataye, ya karanta mata abin da ke rubuce a ƙasa, ranar ta fara neman ruwan wanka da kanta. Ina wurin, ba labari aka ba ni ba.

Kuma kin san halin Baba, Allah ya ji ƙansa. Mutumin da ya auri madubi ya ajiye Mama tana dafa masa shayi. Ko ɗankwali bai taɓa shigowa da shi don kansa ba, sai dai ya ce ta ɗauka a aljihun riga ta saya. Sunan nan da ya liƙa wa wutsiyar harshen Latin shi ne duk kalaman soyayyar da ta samu a aurenta. Har gobe in baƙi suka zo sai ta nuna doguwar ta ce, ni ce nan, kun ga da siririya ce. A yi dariya. Sannan ta sa bakin mayafi ta goge ƙaramar. Tun da aka fita da yaron nan ban ji sunansa a bakinta ba, na yanka ko na wasa, mu ma muka bi ta muka yi shiru. Kullum da safe ita ke goge gilasan, ko ni ba ta yarda in taɓa.

Shi ne za ki zo ki ce dole ɗaya ya sauka. To wanne za ki sauke, uwarki ko ɗan'uwanki?

Kin nemi shawara, ga ta. Ki ɗauki kwalaben nan ki tuttular a kwata, ki ɗauraye hannunki. Wanda ya tambaya ki ce sun gurɓata, ai ke ma da farko haka kika zata. Gansakuka ba za ta kai ki kotu ba. Shekara talatin da ɗoriya tana amsa suna biyu, ban ji an ce ta rame ba. Matar nan jininta hawa yake in mai kayan miya ya makara, ina ga wannan.

Na gaishe ki, amma raina a ɓace yake.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ba ki haƙuri. Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Labarin rediyo ban taɓa jinsa ba. A gidanmu na girma, amma ba wanda ya taɓa gaya min dalilin sunan.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗauko ruwan bilic mai kashe ƙwayoyi na tsaya da shi gaban kwalaben. Amma ko na zuba, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kin tuna Mai Gemu, farfesan nan na ƙasar waje da ya zo ta'aziyyar Baba ya zauna a tabarma ƙafarsa ta sage? Tun kafin in ga komai ya roƙi in ɗiba masa daga kwalbar, na aika masa, don haka muke yi a tsakaninmu. Abin da na gani shi ma ya gani. Yana rubuta babban littafi a kan wannan dangin gansakukar. Ya ce saboda girman Baba ba zai riga ni ba, ni ya kamata in gyara, amma in littafin ya kai lokacin shiga ɗab'i ban yi ba, ba zai buga abin da ya san ba daidai ba ne.

Na san za ki ce in ce masa tawa ta gurɓata. Wataƙila ya yi shakka ya ɗaga ƙafa, tunda daga hannuna ya samu. Amma Yaya, ke ungozoma ce. In mace ta zo tana murna an ce mata 'yan biyu ne, har ta sayi riguna bibbiyu, kika duba kika ga ɗaya ne, me za ki ce mata? Da waɗannan sunaye ake gane lafiyar ruwan da mutane ke sha. Masu gwaji suna ƙirga iri biyu inda ɗaya ne, suna yanke hukunci a kai. Baba ne ya ɗora idona a kan madubi, kuma abu na farko da ya ce min shi ne in faɗi abin da na gani, ba abin da nake so in gani ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Da a ce ɗaya ya riga ɗaya fitowa, da ƙa'ida ta hutar da ni, tsohon suna shi ke zama. To Baba rana ɗaya ya buga su, a takarda ɗaya. In haka ta faru, wanda ya fara haɗe su shi ke zaɓa, kuma in ya zaɓa an gama, ba a sakewa. In ni na rubuta, ni zan zaɓa. In na yi shiru, Mai Gemu zai zaɓa, kuma ya gaya min doguwar zai ɗauka don hotonta ya fi fitowa. Bai san wane ne Injiniya ba. A wurinsa suna ne kawai.

Wanda ya sauka ba a goge shi. Ana rubuta shi a ƙarƙashin ɗayan da ƙananan haruffa, da alamar cewa su ɗaya ne. Yana nan har abada, sai dai ba mai amfani da shi.

Gaba kura baya siyaki. In sauke Mama tana raye, ko in sauke wanda ba shi da komai a duniya sai wannan. Gaskiya ne ban san shi ba, amma ƙarƙashin hoton nan na yi rarrafe. Ni ma ɗan'uwana ne.

Ki gaishe da Mama, ki ce aiki ne ya riƙe ni.

Auta

*

Auta,

Na samu. Lafiya lau.

Kada ki kawo min misalin masu ciki, ba ki taɓa riƙe hannun mace an ce mata babu ba. Ɗan'uwanki ne a bango. Ni a bayana na goya shi, ni ya yi wa amai a wuya ranar ƙarshe.

Wa ya ce ki raba wa Mai Gemu kayan gidanku kamar goron biki? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ke kin ja ruwan kin koma ƙarƙashin rufi, mu ne a waje.

Kuma bari in faɗi abin da ke raina, ki ji haushi in kin ga dama. Baba ya sa wa matarsa, ya sa wa ɗansa. Ke da kika bi shi kina ɗaukar masa kwalabe har kika gaje kujerarsa, bai taɓa sa wa ko ƙwaya ɗaya sunanki ba. Ki tambayi zuciyarki da kyau, gaskiya kike bi ko bashi kike ramawa.

In kin rubuta abin nan, hutun bana ki yi shi a inda kike.

Yayarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Shiru, ba amsa. Na kira, wayar na ta ƙara ba kya ɗauka. Na san na yi miki rauni. Maganar ramuwa ba ta dace ba, ni ma ai bai sa min ba, kuma da na rubuta ta ban san wa nake nufi a cikinmu ba. Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ki ajiye wannan gefe, akwai abin da ya fi shi.

Mama ta sani. Kuma ni na jawo, ni mai cewa a rufe.

Abin ya tsaya min a rai ne. Na ce yarinyar nan ko dai ta ruɗe, bari in gwada da hannuna in kama ta da ƙarya. Ranar da ba ni da aiki na je gidan Mama, ta shiga sallar la'asar, na sauko da jerin kwanukanta masu shiga cikin juna, na baje a tsakar kicin. Na kifa babba a kan mai bi masa, na raba, na mai da na ƙasan murfi, na nemo wanda zai shige cikinsa. Ina yi ina surutu ni kaɗai kamar sabon kamu. Na yi ta sauka har na kai kan ɗan kwanon da take zuba gishiri. Sai na zauna riƙe da shi, ga babban can gefe, na ga lallai daga wancan aka zo wannan ba a ƙaro komai daga waje ba. Hawaye ya zo min ban shirya ba.

Ɗagowar da zan yi, tana tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu. Ta ce wa ya mutu. Na ce ba kowa. Ta ce to wa zai mutu. Kin san idon nan nata. Na yi shekara arba'in da wani abu ban iya yi masa ƙarya ba, ranar ma ban iya ba. Na faɗa mata duka, da kwanukan na yi mata bayani kamar yadda kika yi min, har maganar zaɓi da ta Mai Gemu.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce in mayar mata da kwanuka yadda na same su. Ta wuce falo, ta jawo kujera za ta hau, da ƙafar nan tata. Na ce Mama bari in sauke miki, ta ture hannuna. Ta sauke su duka biyun, ta shige ɗaki da su ta turo ƙofa. Yanzu in ka shiga falon, tabo biyu ne masu haske a bango da ƙusa biyu.

Na kwaso kayana na dawo nan da kwana, maigidan ya ce in zauna har ta warware. Jinin ya hau, na auna, na ƙara mata magani bisa shawarar likita. Tana cin abinci kaɗan. In na ce ga Auta za a kira, sai ta girgiza kai. Na leƙa na ga hotunan a kan gado, ta jera su gefen da Baba ke kwanciya.

Jiya ina shafa mata man zafi a gwiwa, sai ta yi magana ba ta kalle ni ba. Ta ce, “Ki tambaye ta, sunan da aka bari a sama, karanta shi kawai ake yi a takarda, ko ana kiransa da baki?” Na ce ban sani ba. Ta ce shi ya sa ta ce in tambaya.

Ki amsa mata da kanki, Auta, ki rubuto da manyan haruffa. Ni dai tsoro nake ji. Ban san me take auna ba.

Yayarki, mai baki ba linzami

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Mama, gaisuwar 'ya mai laifi. Yaya jiki, yaya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ƙara nisan kwana.

Da bakina ya kamata ki ji, ina durƙushe a gabanki. Tsoro ne ya hana ni. Ki yafe min.

Ga amsar tambayarki. Ana kiransa da baki, Mama, kullum. Malami yana kiransa a aji, ɗalibai su maimaita. A wurin taro mutum zai miƙe gaban jama'a ya kira shi a lasifika. Masu gwajin ruwan sha in suna ƙirga, ɗaya na leƙa madubi yana kira, ɗaya na rubutawa, yini guda za a iya kiransa ba adadi. Tun bayan Baba an sami gansakukar a tafkuna da koguna a ƙasashe da yawa, saboda haka mutanen da ba su san mu ba suna kira, kowa da irin harshensa, wasu su karya shi har sai kin yi dariya. Ɗalibaina ma lokacin jarrabawa har tsaki suke yi masa don wuyar rubutu. Wanda ya koma ƙasa kuwa, sai mai bincike ya buɗe littafi zai gan shi, kuma da ido zai wuce.

Ba zan ce miki Baba bai yi kuskure ba. Ya yi, amma duk awon da ya yi daidai ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya ban sami gyara ba. Abin da bai gani ba shi ne suna raye. In na rubuta, layin zai kasance haka: sunan da aka zaɓa, sai sunan Baba da ya raɗa, sai nawa a matsayin wadda ta gyara. Ɗaya sunan yana ƙasa da su.

Yaya ta tambaye ni ko haushi nake ramawa. Na yi kwanaki ina juya maganar. Ina yarinya na yi kishin hoton nan, gaskiya ne, na ga kamar an haife ni ne a gidan da aka riga aka gama rabon so. Amma wallahi ranar da na leƙa na gan shi a kwalbar da na zuba ki, addu'a na yi ta yi Allah ya sa ni ce na yi kuskure.

Ƙarya ce kaɗai ba zan iya ba. Bayan ita, duk abin da kika ce shi zan yi. In kin ce in cire hannuna a bar wa baƙo ya zaɓa, don kada a ce daga gida aka yi, zan cire. In kin ce ba kya son ganina yanzu, zan jira.

Ki huta lafiya, Mama.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumussalam. Ina amsawa. Ƙafa da sauƙi. Da hannuna nake rubutawa, yayarki ta so ta karɓa na hana, in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri.

Babanku mutum ne da ya taɓa zuba gishiri a shayi ya shanye bai sani ba. Ban yi mamaki don ya ga abu ɗaya ya ce biyu ba ne. Allah ya ji ƙansa, da nufin alheri ya yi.

Kada ki bar wa baƙo. Ke za ki rubuta.

Ki bar na yaron a sama. Ni ana kirana har na gaji, maƙwabta, jikoki, mai kayan miya, masu ba da magani a asibiti. Shi tun ranar da aka fita da shi ba wanda ya kira shi a gidan nan, kuma ni na hana, da shiruna. Na ɗauka ba mai kiransa a ko'ina. Ashe duk shekarun nan mutane na can suna yi, ni ce ban sani ba. Ba zan zama sanadin da za su daina ba.

Nawa ki sa a ƙasa. Ba zan ce miki bai yi min ciwo ba. Shi kaɗai babanku ya taɓa ba ni, kuma na so abina. Na kwana biyu ina jin haushinki, yanzu ya ragu, sauran zai tafi.

Na sa yayarki ta mayar da hotunan, amma a ƙusa ɗaya, nasa a sama. Tana ta mita wai kowa ya samu shiga layin sunayen sai ita mai wanke kwanuka.

Ki zo hutu. Ki zo da kwalbar da madubin da za a iya ɗauka, an ce da rai yana tafiya, ni ban taɓa ganinsa sai a tsaye ba. In kin saita min, ki kira sunan da bakinki a falo ina zaune, duka, har da wutsiyar. Ki kira a hankali. Wataƙila in iya bin bayanki.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanku